Dokar Ohm

Dokar Ohm doka ce a kimiyyar lantarki wadda ke bayyana dangantakar da ke tsakanin abubuwa uku: matsin lantarki, kwararar lantarki da kuma turjiya. Dokar ta ce kwararar da ke ratsa waya tana ƙaruwa daidai gwargwadon ƙaruwar matsin da aka ɗora a bakunanta biyu, muddin zafin wayar bai canja ba. Idan aka ninka matsin sau biyu, kwararar ma za ta ninku sau biyu. Ana rubuta dokar da haruffa kamar haka: V = I × R. An sa mata sunan Georg Simon Ohm, malamin lissafi da kimiyya ɗan ƙasar Jamus, wanda ya wallafa ta a shekarar 1827.

Akan haɗa dokar da wani lissafi na biyu, wato P = V × I, wanda ke nuna ƙarfin aikin da na'ura ke ci. Da waɗannan biyun, duk wanda ya auna matsi da kwarara zai iya gano turjiyar na'ura da ƙarfin aikinta ba tare da ya kwance ta ba. Da su ake zaɓar kaurin wayar da za a sa a gida, da girman fiyus, da girman janareta ko batir, kuma da su ake gane dalilin da ke sa waya ta yi zafi har ta kama wuta.

Abubuwa huɗu da ake aunawa

A maganar yau da kullum akan ce "ƙarfin wuta" a nufi abubuwa daban-daban. Wanda ya ce wuta ba ta da ƙarfi yau yana nufin matsi ya ragu, wanda kuma ya ce janareta ya fi wani ƙarfi yana nufin ƙarfin aiki. A kimiyya kowanne yana da sunansa da ma'auninsa.

Matsin lantarki, wanda ake kira boltej, shi ne abin da ke tura cajin lantarki daga wannan baki na waya zuwa wancan. Alamarsa V, kuma ana auna shi da bolt. Ƙaramin batir na tocila yana ba da bolt 1.5, batirin mota bolt 12, wutar gida kuma a Najeriya da Ghana kimanin bolt 230.

Kwararar lantarki ita ce yawan cajin da ke wucewa ta wani wuri a cikin waya a kowace daƙiƙa. Alamarta I, kuma ana auna ta da amfiya. A cikin ƙarfe, ƙananan ƙwayoyi da ake kira elektron su ne ke ɗauke da cajin. Amfiya ɗaya na nufin kimanin elektron 6.24 × 10¹⁸ suna wucewa a daƙiƙa guda. Kashi ɗaya cikin dubu na amfiya shi ake kira miliamfiya.

Turjiya ita ce yadda abu ke hana kwarara wucewa ta cikinsa. Alamarta R, kuma ana auna ta da ohm, wanda ake rubutawa da harafin Girkanci Ω. Abu yana da turjiyar ohm ɗaya idan matsin bolt ɗaya ya tura amfiya ɗaya ta cikinsa.

Ƙarfin aiki shi ne saurin da na'ura ke mayar da makamashin lantarki zuwa zafi, haske, motsi ko sauti. Alamarsa P, kuma ana auna shi da wat. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya, wat miliyan ɗaya kuma megawat ɗaya.

Malaman kimiyya kan kwatanta waɗannan da ruwan famfo. Tsawon da aka ɗaga tanki kamar matsi ne, yawan ruwan da ke fita a daƙiƙa kamar kwarara ne, ƙuncin bututu kuma kamar turjiya ne. Idan aka ƙara ɗaga tankin ruwa zai ƙaru, idan aka sa siririn bututu ruwa zai ragu. Kwatancin yana da iyaka: ruwa na zuba ƙasa idan an yanke bututu, amma lantarki ba ya kwarara sai hanyarsa ta zagayo ta koma inda ta fito. Wannan hanya mai zagayowa ita ake kira da'irar lantarki.

Tarihi

Kafin Ohm, masanin Ingila Henry Cavendish ya yi gwaje-gwaje a shekarar 1781 da bututun gilashi cike da ruwan gishiri. Da yake babu na'urar auna kwarara a zamaninsa, da jikinsa yake aunawa, yana kwatanta zafin jan da wutar ta yi masa. Ya kusanci wannan dokar, amma bai wallafa sakamakon ba, kuma duniya ba ta san da shi ba sai da James Clerk Maxwell ya buga takardunsa a 1879.

Abubuwa uku ne suka share wa Ohm hanya. A 1800 Alessandro Volta na Italiya ya ƙirƙiro batir na farko mai ba da kwarara marar yankewa. A 1820 Hans Christian Ørsted na Denmark ya gano cewa waya mai ɗauke da lantarki tana karkatar da allurar maganaɗisu, abin da ya ba da hanyar auna kwarara. A 1821 Thomas Seebeck ya gano cewa idan aka haɗa ƙarafa biyu mabambanta, aka ɗumama mahaɗa ɗaya aka sanyaya ɗayar, matsin lantarki na samuwa.

An haifi Ohm ranar 16 ga Maris, 1789, a garin Erlangen. Mahaifinsa maƙerin makullai ne wanda ya koya wa kansa lissafi, sannan ya koyar da 'ya'yansa. Daga 1817 Ohm ya zama malami a wata makarantar sakandare a birnin Kolon, kuma a ɗakin gwajin makarantar ya yi bincikensa a 1825 da 1826. Da farko ya yi amfani da batir irin na Volta, sai ya ga matsinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga nan ya koma ga hanyar Seebeck: ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut, ya sa mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar a ƙanƙara. Tunda zafin waɗannan biyun ba ya canjawa, matsin ma ya tsaya. Sai ya riƙa sa wayoyin jan ƙarfe masu tsawo daban-daban yana duba yadda allura ke karkata.

A 1827 ya buga littafinsa a Berlin mai suna Die galvanische Kette, mathematisch bearbeitet, ma'ana nazarin da'irar lantarki ta hanyar lissafi. Ya gina bayaninsa a kan salon da Joseph Fourier na Faransa ya bi wajen bayyana yadda zafi ke ratsa abubuwa. Littafin bai samu karɓuwa a Jamus nan take ba. Ohm ya bar aikinsa na Kolon, ya yi shekaru yana ƙananan ayyukan koyarwa a Berlin kafin ya samu gurbi a kwalejin fasaha ta Nuremberg a 1833. A 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley, kuma a 1852 ya zama farfesan kimiyyar fiziks a jami'ar Munich. Ya rasu a can ranar 6 ga Yuli, 1854.

Ɓangaren zafi kuwa, James Prescott Joule na Ingila ne ya nuna a wajajen 1840 zuwa 1841 cewa zafin da waya ke fitarwa ya dogara ga turjiya da kuma kwarara sau kwarara. Emil Lenz ya gano haka shi kaɗai a Rasha a 1842. Babban taron masana lantarki da aka yi a birnin Paris a 1881 shi ya amince da bolt, amfiya da ohm a matsayin ma'aunai, don tunawa da Volta, André-Marie Ampère da Ohm. Wat kuma an samo shi daga sunan James Watt, injiniyan Scotland da ya inganta injin tururi.

Lissafin turjiya

Dokar tana da fuska uku, gwargwadon abin da ake nema:

V = I × R, idan ana neman matsi
I = V ÷ R, idan ana neman kwarara
R = V ÷ I, idan ana neman turjiya

Misali, an jona dutsen guga na lantarki a wutar gida mai bolt 230, aka auna aka ga yana jan amfiya 5. Turjiyarsa ita ce 230 ÷ 5, wato ohm 46. Idan kuma turjiyar aka sani, sai a juya lissafin: 230 ÷ 46 zai ba da amfiya 5.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne mantawa da daidaita ma'aunai. Dole matsi ya kasance a bolt, kwarara a amfiya, turjiya a ohm. Idan an ba da miliamfiya 20, sai a mayar da shi amfiya 0.02 kafin a raba. Batir mai bolt 9 da ke tura miliamfiya 20 yana fuskantar turjiyar 9 ÷ 0.02, wato ohm 450. Wanda ya raba 9 da 20 kai tsaye zai samu 0.45, amsar da ta gaza gaskiya sau dubu.

Lissafin ƙarfin aiki

Bolt ɗaya na nufin kowane ma'aunin caji yana ɗauke da ma'aunin makamashi ɗaya, amfiya kuma na faɗin ma'aunin caji nawa ke wucewa a daƙiƙa. Saboda haka idan aka ninka su, ana samun makamashin da ake ci a kowace daƙiƙa:

P = V × I

Idan aka sa dokar Ohm a cikin wannan, ana samun wasu fuskoki biyu. A musanya V da I × R, sai ya zama P = I² × R. A musanya I da V ÷ R, sai ya zama P = V² ÷ R. Alamar ² na nufin a ninka lamba da kanta.

Dutsen gugan da ke sama yana cin 230 × 5, wato wat 1,150. Fuska ta biyu ta ba da 5 × 5 × 46, wato 1,150. Ta uku ta ba da 230 × 230 ÷ 46, wato 1,150. Duk hanyar da aka bi amsa ɗaya ce, don haka sanin biyu daga cikin abubuwa huɗun ya isa a gano sauran biyun.

Yawan wat shi kaɗai ba ya faɗin kwarara sai an san matsi. Ƙwan fitilar mota mai wat 60 a kan bolt 12 yana jan amfiya 5, kuma turjiyarsa ohm 2.4 ce. Ƙwan gida mai wat 60 a kan bolt 230 yana jan kimanin amfiya 0.26 ne kawai, kuma turjiyarsa kimanin ohm 882 ce. Wannan ne ya sa wayoyin mota ke da kauri duk da ƙarancin matsinsu.

Fuska ta uku, P = V² ÷ R, tana bayyana abin da ke faruwa idan matsi ya sauka ko ya hau. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 a kan bolt 230 tana da turjiyar kimanin ohm 26.5. Idan wuta ta sauka zuwa bolt 180, ƙarfin aikinta zai koma kimanin wat 1,225. Matsin ya ragu da kashi 22 cikin ɗari, amma zafin ya ragu da kusan kashi 39, shi ya sa ruwa ke daɗewa bai tafasa ba. Akasin haka na faruwa da kayan da aka ƙera don Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce. Hita mai wat 1,000 a can tana da turjiyar ohm 14.4. Idan aka jona ta a bolt 230 za ta ci kimanin wat 3,670, kusan ninki huɗu na abin da aka ƙera ta ta ɗauka, kuma za ta ƙone.

Makamashi da yunit

Wat yana auna saurin ci ne, yawan abin da aka ci kuma sai an haɗa da lokaci. Makamashi shi ne ƙarfin aiki sau lokaci. Ma'aunin da kamfanonin wuta ke sayarwa shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, wanda ake rubutawa kWh, kuma shi ne yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Dutsen guga mai wat 1,150 idan ya yi awa 2 yana aiki ya ci yunit 2.3. Tsohon ƙwan fitila mai wat 100 yana cinye yunit ɗaya a awa 10, ƙwan LED mai wat 10 kuma sai ya yi awa 100 kafin ya cinye yunit ɗaya.

Haka ake ƙiyasta daɗewar batir. Batir mai bolt 12 da aka rubuta masa 200Ah yana riƙe da 12 × 200, wato yunit 2.4. A lissafi, kayan da ke cin wat 200 za su yi awa 12 a kansa. A aikace ba a kaiwa haka, domin inbata na cin nata rabo, kuma batir mai darma da asid yana saurin lalacewa idan ana zuƙe shi ƙarƙaf, don haka akan shawarci a yi amfani da kimanin rabinsa.

Abin da ke ƙayyade turjiyar waya

Turjiyar waya ta dogara ga abubuwa huɗu: irin ƙarfen, tsawonta, kaurinta da zafinta. Doguwar waya ta fi gajera turjiya, siririya kuma ta fi kakkaura. Ana rubuta wannan da R = ρ × L ÷ A, inda L tsawo ne, A faɗin bakin wayar idan an yanke ta, ρ kuma lamba ce ta musamman ga kowane ƙarfe.

Azurfa ce ta fi duk ƙarafa ƙarancin turjiya, sai jan ƙarfe na bi mata kurkusa, kuma saboda arahar sa shi ake amfani da shi a wayarin gida. Alminiyam ya fi jan ƙarfe turjiya da kimanin kashi 60 cikin ɗari, amma ba shi da nauyi, shi ya sa ake sa shi a manyan layukan da ke kan turaku. Nikrom, gaurayen nikel da kromiyam, ya fi jan ƙarfe turjiya fiye da sau 60, kuma da shi ake yin zaren da ke yin ja a cikin hita da dutsen guga. Roba, gilashi da tangaran suna da turjiya mai yawan gaske, don haka da su ake rufe waya da riƙe ta.

Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da faɗin baki murabba'in milimita ɗaya tana da turjiyar kimanin ohm 0.017. Idan za a kai wuta shago mai nisan mita 50, lantarki zai bi mita 100, zuwa da dawowa. Da waya mai lamba 2.5 turjiyar za ta zama 0.017 × 100 ÷ 2.5, wato ohm 0.68. Idan shagon na jan amfiya 10, bolt 6.8 zai ɓace a hanya, wat 68 kuma ya zama zafi a jikin wayar. Da waya mai lamba 1 turjiyar za ta kai ohm 1.7, a rasa bolt 17 da wat 170.

Haɗin jere da haɗin rassa

Idan aka haɗa abubuwa ɗaya bayan ɗaya ta yadda kwarara ɗaya ce ke ratsa su duka, an yi haɗin jere. A nan tara turjiyoyin ake yi. Ohm 20 da ohm 30 a jere sun zama ohm 50. A kan bolt 12 kwararar za ta zama amfiya 0.24, na farko ya ɗauki bolt 4.8, na biyu bolt 7.2.

Idan kuwa kowane abu yana da nasa reshe tsakanin wayoyi biyu, an yi haɗin rassa. A nan matsi ɗaya ne a kan kowanne, kwararar ce ke rabuwa. A kan bolt 12, ohm 20 zai ja amfiya 0.6, ohm 30 ya ja amfiya 0.4, jimla amfiya 1. Turjiyar haɗin ita ce 12 ÷ 1, wato ohm 12, wadda ta gaza kowace ɗaya daga cikin biyun. Ga abubuwa biyu akwai gajeren lissafi: a ninka su, a raba da jimlarsu, wato 600 ÷ 50.

Wayarin gida haɗin rassa ne. Duk na'urar da aka ƙara kunnawa tana rage turjiyar gidan gaba ɗaya, tana ƙara kwararar da babbar waya ke ɗauka. Fulogi mai ƙafa uku irin na Birtaniya, wanda ake amfani da shi a Najeriya da Ghana, iyakarsa amfiya 13, wato kimanin wat 2,990 a kan bolt 230. Buta mai wat 2,000 da dutsen guga mai wat 1,150 idan suka haɗu a fulogi ɗaya sun kai wat 3,150, kimanin amfiya 13.7, sun wuce iyaka. Fiyus siririyar waya ce da aka yi don ta narke kafin wayar gidan ta yi zafi. Idan aka maye gurbinsa da kakkauran ƙarfe, zafin zai koma jikin wayar da ke cikin bango ko rufi.

Asarar wuta a hanya

Tunda zafin da waya ke fitarwa I² × R ne, ninka kwarara sau biyu yana ninka asara sau huɗu, ninka ta sau goma kuma yana ninka asara sau ɗari. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ɗaga matsi idan za a kai wuta nesa, domin da matsi mai yawa ana isar da ƙarfin aiki iri ɗaya da kwarara kaɗan.

Ana ganin haka a tsarin sola na gida. A ce ana son isar da wat 1,000 ta wayar da turjiyarta ohm 0.05 ce. A kan bolt 12 ana buƙatar kimanin amfiya 83, kuma asarar za ta kai kimanin wat 347, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ake son isarwa. A kan bolt 48 kwararar ta koma kimanin amfiya 21, asarar kuma kimanin wat 22. A kan bolt 230 asarar ba ta kai wat 1 ba. Saboda haka wayar da ke tsakanin batir da inbata take zama gajera kuma kakkaura, manyan tsare-tsare kuma suke amfani da bolt 24 ko 48.

Babban layin wuta na ƙasa ma kan wannan lissafi yake. A Najeriya ana ɗauko wuta daga tashoshi irin su madatsar Kainji da Shiroro a kan layuka masu bolt 330,000 da 132,000. Daga nan taransifoma ke sauke ta zuwa bolt 33,000, sannan 11,000, kafin ta iso unguwa a sauke ta zuwa matsin gida. Layin da ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai a Jamhuriyar Nijar mai bolt 132,000 ne.

Yadda ake aunawa

Na'urar da aka fi amfani da ita ita ce maltimita, wadda ke auna matsi, kwarara da turjiya. Don auna matsi, ana ɗora bakunanta biyu a gefe biyu na abin da ake aunawa, ba tare da yanke waya ba. Don auna kwarara, ana yanke hanyar a sa mitar a jere, ta yadda lantarkin zai bi ta cikinta. Idan aka saita mita a kan amfiya sannan aka ɗora ta kai tsaye a bakunan batir ko soket, kwarara mai yawa za ta ratsa ta ta ƙona fiyus ɗinta, domin turjiyarta a wannan yanayi kaɗan ce ƙwarai. Masu aikin wayarin kan yi amfani da mita mai baki kamar awartaki, wadda ake maƙala wa waya ɗaya ta auna kwarara ba tare da an yanke ba. Turjiya kuwa ba a auna ta sai an kashe wuta an cire abin daga da'irar.

Wuta mai juyawa

Batir yana tura lantarki ta fuska ɗaya kawai. Wutar gida da ta janareta kuwa juyawa take, tana kaiwa tana komowa sau 50 a daƙiƙa a ƙasashen Afirka da Turai, sau 60 a Amurka. Bolt 230 da ake faɗi matsakaicin ƙima ne, wanda ke ba da zafi daidai da na batir mai bolt 230. Ƙololuwar matsin a kowane zagaye tana kai wa kimanin bolt 325.

Ga kayan da aikinsu zafi ne kawai, kamar hita da dutsen guga, duk lissafin da ke sama yana aiki yadda yake. Ga kayan da ke da naɗaɗɗiyar waya, kamar fanka, firji da injin famfo, kwarara ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsi, don haka V × I yakan fi ainihin wat ɗin da ake ci. Shi ya sa ake rubuta girman janareta da taransifoma da kVA. Don samun kilowat, ana ninka kVA da wata lamba da ba ta wuce 1 ba, wadda a janareta da yawa ake ɗauka 0.8. Janareta mai 2.5 kVA a kan wannan lamba kilowat 2 yake bayarwa. Bugu da ƙari, inji yana jan kwarara ninkin ba ninkin a lokacin tashi, abin da ke sa ƙaramin janareta ya shaƙe idan firji ya tashi.

Inda dokar ba ta aiki

Dokar Ohm daga gwaji aka samo ta, kuma ba kowane abu ke bin ta ba. Ƙarafa suna bin ta sosai idan zafinsu bai canja ba. Zaren tungsten da ke cikin tsohon ƙwan fitila yana kai wa zafin da ya haura digiri 2,000, kuma turjiyarsa a lokacin ta ninka ta lokacin sanyi fiye da sau goma. Ƙwai mai wat 100 a kan bolt 230 yana da turjiyar ohm 529 idan yana ci, amma mita za ta nuna ƙasa da haka nesa idan yana kashe. Wannan ne ya sa irin waɗannan ƙwayaye suka fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna su.

Dayod, wanda LED wani nau'insa ne, yana barin lantarki ya wuce ta fuska ɗaya kawai, kuma da zarar matsi ya haura wata iyaka kwararar sai ta yi tashin gwauron zabi. Don haka ake sa masa ƙaramar turjiya a jere, kuma da dokar Ohm ake lissafa ta. Jan LED da ke buƙatar kimanin bolt 2 da miliamfiya 20 a kan batir mai bolt 9 ya bar bolt 7, sai a raba 7 da 0.02 a samu ohm 350. Turjiyar za ta ci 7 × 0.02, wato wat 0.14, don haka mai ɗaukar rubu'in wat ta isa.

A 1911 Heike Kamerlingh Onnes ya gano a birnin Leiden na ƙasar Holan cewa turjiyar ƙarfen makuri na ɓacewa gaba ɗaya idan aka sanyaya shi zuwa kimanin digiri 269 ƙasa da sifili. Ana amfani da wayoyi masu irin wannan hali a manyan maganaɗisun na'urar ɗaukar hoton jiki ta MRI.

Jikin ɗan Adam

Abin da ke cutar da mutum shi ne yawan kwararar da ta ratsa jikinsa da daɗewarta, kuma matsi da turjiyar jiki ne ke ƙayyade ta. Akan fara jin lantarki daga kimanin miliamfiya 1. Daga miliamfiya 10 zuwa 20 tsokar hannu na iya ƙagewa har mutum ya kasa sakin waya. Miliamfiya 100 da ta bi ta ƙirji tana iya rikita bugun zuciya ta yi kisa.

Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, har dubban ohm masu yawa, amma jiƙaƙƙen jiki na iya sauka zuwa kimanin ohm 1,000. A kan bolt 230 wannan zai ba da miliamfiya 230, wanda ya wuce haddin kisa. A kan batir mai bolt 12 kuma miliamfiya 12 ne a mafi muni. Fiyus mai amfiya 13 ba ya kare mutum, tunda kwararar da ke kisa ba ta kai ko kusa da abin da zai narka shi ba. Kariyar mutum tana ga wayar ƙasa da kuma makunni na musamman da ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ya ga kimanin miliamfiya 30 ta kauce daga hanyarta.